Kifin salmon a Washington: Jiha na tufka, ƙananan hukumomi na warwara

Ya zuwa 2023, gwamnatin jihar Washington da ke arewa maso yammacin Amurka ta ware dala biliyan 3.8 domin sauya kwalbatocin da ke ƙarƙashin manyan titunanta. Dalilin wannan gagarumin aiki shi ne kifi. Kotu ce ta umarci jihar ta buɗe wa kifin salmon hanyoyin ruwan da kwalbatocin suka toshe, ta kuma ba ta wa'adin shekarar 2030 ta kammala mafi yawan aikin. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sufurin jihar ta ce kuɗin ba za su isa ba, tana iya buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 4.

Duk da wannan ɗawainiya, kifin bai farfaɗo ba. Rahoton da jihar ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga cikin rukunai 14 na salmon da danginsa da ke cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, guda 10 ba su kama hanyar farfaɗowa yadda aka tsara ba, biyar daga cikinsu ma suna cikin mawuyacin hali.

Dalilan suna da yawa: madatsun ruwa, ɗumamar teku, kamun kifi, da gidajen ƙyanƙyasa da ke cakuɗa kifin gida da na daji. Sai dai akwai dalili guda da ba ya samun kanun labarai, kuma a ganinmu shi ne ya fi kusa da hannun hukuma. Shi ne teburin jami'in ƙaramar hukuma da ke sa hannu a takardar izinin gini. Muddin dokokin tsara ƙasa na ƙananan hukumomi suka ci gaba da barin ana cin gaɓar kogi kaɗan-kaɗan, biliyoyin da jiha ke kashewa za su zama tufka da warwara.

Me ya haɗa kifi da izinin gini?

Salmon kifi ne mai gida biyu. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar ƙaramin rafi, ya yi watanni ko fiye da shekara a ruwan daɗi, sannan ya gangara teku ya yi shekaru yana girma. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai ya juyo ya hau kogi, yana gaba da igiyar ruwa, har ya kai rafin da aka haife shi. A can macen ke haƙa gurbi a tsakuwa ta zuba ƙwai. Salmon na tekun Pasifik daga wannan tafiya ba ya komawa, mutuwa yake yi bayan haihuwa.

Abin da kifin ke nema a rafi ba shi da yawa: ruwa mai sanyi, tsakuwa mai tsabta wadda laka ba ta rufe ba, inuwar bishiyoyi, da gungumen itacen da suka faɗa ruwa suka yi wa ƙananan kifaye maɓoya. Da zarar zafin ruwa ya haura kimanin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, kifin ya shiga wahala, cututtuka kuma su samu ƙofa. A bazarar 2021, shekarar da zafi ya kai digiri 42 a birnin Seattle, kimanin manyan kifaye 2,500 na nau'in Chinook suka mutu a wani reshe na kogin Nooksack kafin su kai ga zuba ƙwai.

Kowanne daga cikin waɗannan buƙatu yana hannun wanda ke yanke hukunci a kan filin da ke gefen ruwa. Idan aka sare bishiyoyin gaɓa domin mai gida ya riƙa hango kogi daga tagarsa, inuwa ta tafi. Idan aka shimfiɗa kwalta da siminti a wurin da dā ƙasa ke shanye ruwan sama, ruwan zai kwararo rafi da ƙarfi lokaci guda ya kwashe ƙwai, da rani kuma rafin ya ƙafe. Idan aka gina katanga a bakin teku domin tsare gida daga zaizaya, rairayin da ƙananan kifaye ke kiwo ya tafi. Fiye da rubu'in gaɓar mashigin tekun Puget Sound, inda Seattle da Tacoma suke, an riga an yi masa irin wannan katanga.

A Amurka, mafi yawan waɗannan hukunce-hukunce ba gwamnatin tarayya ke yanke su ba. Birane ne da gundumomin da ake kira kawunti, kwatankwacin ƙananan hukumomi a wajenmu. Jihar Washington tana da irin waɗannan gundumomi 39, ga kuma birane da garuruwa fiye da 280, kowanne da nasa kundin dokar gini.

Dokokin da ke ƙasa

Ba za a ce Washington ba ta da doka ba. Tana ma cikin jihohin da suka fi tsauri a wannan fanni.

Tun 1971 jihar ta kafa dokar kula da gaɓar ruwa, wadda ta sa ido kan duk wani gini da ke cikin tazarar ƙafa 200, kimanin mita 60, daga bakin teku, manyan koguna da tafkuna. A 1990 aka kafa dokar tsara bunƙasar birane, wadda ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta ware wurare masu rauni ta kuma kare su. Wuraren sun haɗa da dausayi, filayen da ambaliya ke yawan malalewa, wuraren da ruwa ke nitsewa ya cika rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa, gangaren da ke iya zaftarewa, da matsugunin kifi da namun daji. A 1995 aka ƙara sharaɗin cewa dole ƙananan hukumomi su yi aiki da mafi ingancin binciken kimiyya da ake da shi, su kuma ba kifayen da ke kai-komo tsakanin kogi da teku kulawa ta musamman.

A watan Maris na 1999 gwamnatin tarayya ta sa Chinook na Puget Sound cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, lamarin da ya ɗora nauyin dokar tarayya a kan yankin da ya fi kowane yawan jama'a a jihar.

To, me ya hana wannan tarin dokoki aiki? Amsar tana cikin ma'aunin da aka ɗora su a kai. Ƙa'idojin gaɓar ruwa da jihar ta fitar a 2003 sun tsaya ne a kan cewa kada sabon gini ya jawo asarar amfanin muhalli idan aka yi jimilla. Ma'ana, a bar kogi yadda aka same shi. Kogin da aka riga aka lalata tun shekaru 100 da suka wuce, barinsa yadda yake ba zai dawo da kifi ba. Kuma ko wannan ƙaramin buri ba a cika cim masa ba, saboda dokar cike take da ƙofofin rago. Misali, katangar kare gidan iyali guda daga zaizayar teku ba ta buƙatar babban izinin da ake nema ga sauran gine-ginen gaɓa. Gine-ginen da suka riga doka ana barinsu. Mai ƙaramin fili kuma yana iya neman sassauci idan tazarar da aka gindaya za ta hana shi amfana da filinsa.

Kowane sassauci guda, idan aka dube shi shi kaɗai, yana da hujja. Idan aka tara dubbai a kan kogi ɗaya cikin shekara 30, sai a nemi kogin a rasa. A tsawon wannan lokaci yawan jama'ar jihar ya tashi daga kusan miliyan 4.9 a 1990 zuwa miliyan 7.7 a 2020.

Darasin gundumomi biyu

Gundumar King, wadda Seattle ke cikinta, ta gwada tsaurin doka. A 2004, zamanin shugabancin Ron Sims, ta amince da dokar da ta sa tazarar ƙafa 165, kimanin mita 50, a gefen rafukan kifi na karkara. Ta kuma ce mai fili a karkara dole ya bar kashi 50 zuwa 65 cikin 100 na filinsa da bishiyoyi da ciyayinsa na asali. Mazauna karkara suka fusata, suna ganin 'yan birni da suka riga suka shafe nasu filayen da siminti ne ke neman wasu su biya bashin. Suka garzaya kotu. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke sharaɗin barin kaso na fili, bisa hujjar cewa an yi wa kowa kuɗin goro ba tare da auna ɓarnar da kowane gini zai yi ba.

Gundumar Skagit, a arewacin Seattle, ta bi wata hanyar. Kogin Skagit na ɗauke da dukkan nau'o'in salmon biyar na yankin, kwarinsa kuma na cikin mafi albarkar ƙasar noma a jihar, inda ake noman dankali, furanni da irin kayan lambu. Gundumar ta ƙi tilasta wa manoma dasa bishiyoyi a gefen rafukan da suka ratsa gonakinsu. Al'ummar Swinomish, 'yan asalin wurin, ta kai ƙara. A 2007 kotun ƙolin jihar ta ce kalmar kariya da ke cikin doka ba ta wajabta gyara abin da ya riga ya lalace ba, don haka ba dole ne a tilasta dashen ba. Amma kotun ta ce tsarin sa idon gundumar bai wadatar ba, domin babu ma'aunin da za a gane ko lamarin na gyaruwa ko yana ƙara taɓarɓarewa.

Daga wannan rikici aka haifi shirin sa-kai na 2011, wanda ya ba gundumomi damar barin manoma su kare gaɓar ruwa bisa raɗin kansu tare da tallafi. Gundumomi 27 suka shiga. Ma'aunin shirin shi ne kada yanayin wuraren ya gaza yadda yake a watan Yulin 2011.

A 2022 gwamnan jihar na lokacin, Jay Inslee, ya gabatar da ƙudirin da aka sa wa sunan Lorraine Loomis, shugabar masunta 'yan asalin yankin da ta rasu a 2021. Ƙudirin ya nemi faɗin dajin gefen rafi ya yi daidai da tsawon da bishiyar wurin za ta iya kaiwa idan ta cika girma, wanda a wasu wuraren ya haura mita 60. Wannan shi ne ma'aunin da hukumar kifi da namun daji ta jihar ta ba da shawara a kai a 2020. Manoma suka yi ca, suna cewa ba a tuntuɓe su ba kuma za su rasa mafi kyawun gonakinsu. Ƙudirin ya mutu tun a kwamiti.

Abin da labaran nan suka nuna a fili yake. Dokar da ta ɗora wa mai fili dukan nauyi tana faɗuwa a kotu ko a majalisa. Dokar da ta bar komai ga ganin dama kuma tana tsira, amma rafi na nan cikin rana babu inuwa.

Alkawarin da ya girmi jihar

Wani zai ce kifi ne kawai, me zai sa a takura wa mutum a kan filinsa? Amsa ta farko ita ce akwai alkawari a kan wannan kifi.

A 1854 da 1855, kafin Washington ta zama jiha, gwamnan yankin Isaac Stevens ya ƙulla yarjejeniyoyi da ƙabilun asali. Sun sallama mafi yawan ƙasarsu, suka riƙe haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba. Jihar ta shafe shekaru tana take wannan haƙƙi. Billy Frank Jr. na ƙabilar Nisqually an kama shi fiye da sau 50 saboda su a kogin kakanninsa. A ranar 12 ga Fabrairun 1974 alƙalin tarayya George Boldt ya yanke hukuncin cewa ƙabilun na da haƙƙin rabin kifin da za a iya kamawa, kotun ƙolin Amurka kuma ta tabbatar da hakan a 1979.

Rabin babu, babu ne. Shi ya sa a 2001 ƙabilu 21 suka koma kotu kan batun kwalbatoci, suna cewa haƙƙin kama kifi ba shi da ma'ana idan an toshe hanyar da kifin ke bi ya hayayyafa. Alƙali Ricardo Martinez ya ba da umarnin gyara a 2013. Jihar ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙolin Amurka, inda a 2018 alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, hukuncin ya tsaya daram.

Sai dai umarnin ya shafi kwalbatocin jiha ne kaɗai. Na birane, na gundumomi da na masu zaman kansu ba su ciki. Don haka ana iya kashe miliyoyin daloli a gina gada mai faɗi a ƙarƙashin babban titi, kifi ya wuce, ya yi 'yar tafiya kaɗan ya ci karo da tsohon bututun ƙaramar hukuma. Ko kuma ya isa rafin ya tarar an sare inuwarsa da izinin hukuma.

Amsa ta biyu ita ce ba kifin kaɗai ke cikin haɗari ba. Akwai wani dangi na orka, manyan dabbobin teku masu shayarwa, da ke rayuwa a wannan ruwa, abincinsu mafi rinjaye kuma Chinook ne. Yawansu bai kai 80 ba. A 2018 duniya ta kalli wata uwa daga cikinsu, wadda ake kira Tahlequah, tana tura gawar jaririnta a saman ruwa har kwana 17. Ga kuma masunta, masu sayar da kayan su da garuruwan bakin teku da abincinsu ya dogara da dawowar kifin kowace shekara. Filin ambaliyar da aka hana gini a kansa domin kifi, shi ne kuma filin da ke shanye ruwan da zai shiga ɗakunan mutane.

Hujjar masu adawa

Masu adawa da tsaurara doka suna da maganganu biyu da ya kamata a saurara.

Ta farko ita ce tsadar gidaje. Yankin Seattle na fama da ƙarancin muhalli, kuma duk filin da aka hana gini a kansa yana ƙara matsi. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne a ƙara gidaje a cikin birni, inda tituna da bututun ruwa suka riga suka kai. Majalisar jihar ta ɗauki wannan hanya a 2023, lokacin da ta wajabta wa manyan birane su ƙyale a gina gidaje biyu zuwa huɗu, wani wurin har shida, a filin da dā gida ɗaya kawai aka yarda. Buɗe ƙofa a tsakiyar gari yana rage uzurin cin gaɓar kogi.

Ta biyu ita ce adalci ga manomi. Mutumin da kakansa ya share gona bisa dokar zamaninsa bai yi laifi ba, kuma bai kamata a karɓe masa kadada da yawa kyauta domin amfanin jama'a duka ba. Nan ma akwai hanya. Gwamnatin tarayya da jihar suna da shirin da ke biyan manomi kuɗin haya na shekara 10 zuwa 15 idan ya dasa bishiyoyi a gefen rafi. Gundumar King tana da tsarin da mai filin karkara ke sayar da haƙƙinsa na gini ga mai son ƙara hawa a birni, fili ya zauna a hannunsa, kuɗi kuma su shiga aljihunsa. Matsalar ita ce kuɗin da ake zubawa a irin waɗannan shirye-shirye bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na siminti da gadoji.

Masu zaɓen jihar ma sun taɓa bayyana matsayinsu. A 2006 an gabatar musu da ƙudirin da zai tilasta wa hukuma ko dai ta biya mai fili diyya ko ta janye duk dokar da ta rage darajar filinsa. Suka yi watsi da shi. Jama'a na son a kare koguna, abin da suke ƙi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya kayan gari guda.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, majalisar jihar ta ɗaga ma'auni. Maimakon a ce kada a ƙara ɓarna, a ce duk babban aiki, musamman wanda aka yi da kuɗin gwamnati, dole ya bar kogin da ya taɓa fiye da yadda ya same shi.

Na biyu, a sa mafi ƙarancin tazarar gaɓa guda ɗaya ga jihar baki ɗaya bisa shawarar masana kifi, yadda ƙaramar hukuma za ta iya ƙarawa amma ba za ta iya ragewa ba. Kogi ɗaya kan ratsa hukumomi da dama, sakacin ta sama kuma yana shafe ƙoƙarin ta ƙasa.

Na uku, shirin sa-kai ya zo da wa'adi da ma'aunin da kowa zai iya gani: kilomita nawa na gaɓa aka dasa, zafin ruwa ya sauka ko bai sauka ba. A biya manomi farashin da zai sa dashen ya zame masa riba. Idan wa'adi ya cika ba a cim ma buri ba, doka ta tilas ta fara aiki.

Na huɗu, birane su ɗauki nasu kason. A watan Disamban 2020 masu bincike na jami'o'in jihar suka gano cewa wani sinadari da ake sa wa tayar mota don kada ta tsattsage, mai suna 6PPD, yana rikiɗa ya zama guba idan ya haɗu da iska, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa rafi. Yana kashe salmon nau'in coho cikin sa'o'i. Wani binciken kuma ya nuna cewa idan aka tace ruwan titi ta cikin cakuɗen ƙasa, yashi da takin gargajiya, kifin na tsira. Wajabta irin wannan matata a sabbin unguwanni da wuraren ajiye motoci aiki ne na dokar gini ta birni. Ɗan birni da ke neman manomi ya sadaukar da gona, shi ma tayar motarsa na cikin lissafi.

Na biyar, a riƙa ƙirga sassaucin da ake bayarwa. Kowace ƙaramar hukuma ta wallafa yawan izinin da ta bayar a cikin tazarar gaɓa kowace shekara, da yawan waɗanda aka koma aka duba ko an cika sharuɗɗansu. Dokar da babu jami'in da zai je ya gani da ido, takarda ce kawai.

Kogunan yankin sun nuna cewa suna iya farfaɗowa idan aka ba su dama. Bayan rushe madatsun ruwa biyu na kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, kifi ya koma wuraren da ya shafe kusan shekara 100 bai taka ba. Sai dai mafi yawan saman Elwha na cikin gandun dajin ƙasa ne, inda babu mai neman izinin gini. Sauran kogunan suna ratsa gonaki, unguwanni da masana'antu, inda makomarsu ke hannun kansiloli da jami'an tsare-tsare. Doka ta wajabta wa ƙananan hukumomin jihar sabunta tsare-tsarensu duk bayan shekara 10, alhali Chinook kan dawo gida ne bayan shekara uku zuwa biyar. Duk tazarar da aka rage a zama ɗaya na majalisar gunduma, zuriya biyu ko uku na kifin ne za su biya kafin a sake buɗe kundin.